Haƙorin Ɗan Fari

Hure ce ta fara ganin kumburin, kuma duk gidan ita kaɗai ce ba ta da bakin magana a kansa. Tana tsugune gaban kasko da hantsi tana toya ƙuli-ƙuli, sai yaron ya fito daga ɗakin kakarsa da buta a hannu. Kuncinsa na hagu ya tasa kamar ya ɓoye goro a ciki, yana tafiya yana karkata kai. Ta dube shi ta wutsiyar ido, irin duban da ta saba yi masa tun yana rarrafe, ta mai da fuskarta kan wuta.

Sunansa Sammani, ɗanta na fari, shekararsa takwas ko tara. Sunan bai taɓa fita daga bakinta ba. A Unguwar Gawo, wani ƙauye da ke gabas da Tsanyawa inda gonar wannan ke jingine da dangar wancan, mace mai kunya ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi, ba ta yi masa sannu a gaban mutane. Ranar da aka yaye shi, Iya Tani, uwar mijinta, ta goya shi ta tsallaka tsakar gida da shi, daga nan ya zama nata. A ɗakinta yake kwana, a ƙwaryarta yake ci, ita yake gaya wa in cikinsa na ciwo. In lalura ta kama Hure sai ta ce "yaron nan", shi kuma ya ce mata Yaya, yadda ya ji ƙannen ubansa suna faɗa. Matan unguwa har misali suke yi da ita, wai ko faɗuwa ya yi a gabanta sai dai ta kauce ta ba wani wuri ya ɗaga shi. Suna faɗa suna yabo, ita tana sunkuyar da kai, ba wadda ta taɓa tambayarta ko yabon yana yi mata daɗi.

Amma mata sun daɗe da samo wa kunya ƙofar baya. Hure ta juyo da 'yarta Asiya daga goyo, yarinyar da ko tafiya ba ta fara ba, ta ɗaga murya yadda za a ji a ɗakin tsohuwa.

"Asiya, ki ce wa Iya wani a gidan nan bakinsa ya kumbura."

Iya Tani ta leƙo tana gyara ɗaurin ƙirji. "Maigida," ta ce da jikanta, "zo nan in gani. Me ka sato ka ɓoye a baki ka hana matarka?"

Yaron bai yi dariya ba. Ta kama haɓarsa ta juya shi wajen rana, ta sa ya wangale baki. Can ciki, a sama, haƙorin turmi ya yi baƙin rami, dasashin ya yi ja ya tasa. Ta ce tsutsa ce, ita ma ta sha fama da ita. Ta daka kanumfari da kanwa ta cusa a ramin. Da bai yi ba ta ƙara da garin taba. Yaron ya wuni kwance bayan rumbu yana nishi, Hure kuwa ta toya ƙuli har ya ƙone a gabanta ba ta sani ba.

Kaka ce, ana tsakiyar cirar gyaɗa. Zamanin Turawa ne, bayan sojojin da suka je yaƙin Boma sun dawo, gyaɗa ta yi daraja, kowane magidanci hankalinsa na kan buhu da sikeli. Dabo, mijin Hure, yakan fita da sassafe ya dawo da ƙasa har a gira. Sai da kumburin ya haura ya rufe wa yaron ido sannan ya tsaya ya duba da kyau. Akwai ɗakin magani na En'e, wato hukumar gargajiya, a garin hakimi, amma bara da aka yi sanƙarau 'yan doka sun bi gida-gida sun kwashe marasa lafiya zuwa rumfunan zana a bayan gari, waɗanda suka dawo da ƙafarsu ba su da yawa. Tun daga nan ba mai kai ɗansa hannun ma'aikatan Bature da kansa, balle a kan haƙori. Dabo ya aika aka kira Mati wanzami.

A zaure aka yi aikin. Hure ta ja turminta kusa da katangar zauren, ta zuba geron da ba a bukatar dakansa ranar, don a ce aiki ne ya kawo ta wurin. Ta ji Mati yana kwance zabira, ta ji ana cewa a riƙe ƙafafun. Da ya yi sakiya a dasashin, yaron ya ƙwalla ƙarar da ta sa taɓarya ta tsaya mata a sama. Aka ce mugunya ta fito da yawa, alhamdu lillahi. Sannan Mati ya sa awartaki, ya jijjiga, ya ja, sai ta ji wani ɗan sauti ƙas.

"Kan haƙorin ya fito," in ji Mati. "Saura ɗan guntun saiwa a ciki. Ku bar shi, da kansa zai tuso."

Ba ƙarya ya yi ba, haka ya saba gani tun yana bin ubansa da zabira. Kumburin kuwa ya sace, idon ya buɗe, zafin ya tafi. Iya Tani ta yi sadakar waina. Yaron ya koma bin yara roron gyaɗa a gonakin da aka gama cira, kowa ya mance da haƙori.

Hure ce ba ta mance ba, domin ita aikinta ke nan, kallo. Ta ga ya fara tashi da safe yana dafe da goshi. Ta ga ya yi amai bayan danga ba tare da ya ci komai ba, ya rufe da ƙasa ya koma wasa. Ta sake aika saƙo ta bakin Asiya, Iya ta ce ciwon shawara ne, ta jiƙa masa saiwa.

Wata rana da hantsi gida ya yi tsit. Maza suna gona, Iya ta tafi barkar haihuwa a unguwar gaba. Hure tana zaune a ƙofar ɗakinta, ƙafafu a miƙe, tana ɓarar gyaɗa. Sai ta ga inuwa a kanta. Yaron ne tsaye, yana kallonta ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba. Kafin ta kau da kai ya durƙusa, ya ture ƙwaryar gyaɗar gefe, ya ɗora kansa a cinyarta.

"Inna," ya ce, "kaina."

Hure ta saki gyaɗar da ke hannunta. Ta dubi ƙofar zaure, ta dubi saman danga inda maƙwabciya kan leƙo neman wuta.

"Tashi," ta ce a hankali. "Tashi kar a gani."

Bai tashi ba, ita ma ba ta janye ƙafar ba. Rabonta da jin nauyin kan nan tun yana shan nono. Ashe ya yi nauyi haka. Ashe akwai tabo bayan kunnensa, ba ta san ranar da ya ji ciwon ba, ba ta san wanda ya rarrashe shi ba. Hannunta ya daɗe a sama kafin ya sauka kan gashinsa. Kan da zafi, kuma wani wari mai nauyi yana fitowa daga bakinsa.

"Na san ke ce kike ajiye mini ƙuli a gindin rumbu," ya ce, idonsa a rufe. "Iya ta ce aljanu ne. Na san ke ce."

Hure ta ci gaba da shafa gashinsa. Hawaye ya zubo mata ya ɗiga a kunnensa, ta yi sauri ta goge da gefen zane. Ya yi barci a nan, barci mai nauyi, har ƙafarta ta sage. Sai da ta jiyo sallamar Iya daga nesa ta girgiza shi ya farka da ƙyar, ya tafi yana tangaɗi.

Daga ranar abin ya zama kullum. Da zarar gida ya yi shiru sai ya zo. Wani lokaci ya yi ta surutu, ya ba ta labarin ramin kurege da suka tona, da yaron da ya zalunce shi a makarantar allo, da yadda yake tsoron rijiyar bayan masallaci, duk abubuwan da uwa kan sani ba tare da an gaya mata ba. Ta riƙa haɗiye su kamar mai ƙishirwa. Wani lokaci kuma ya tsaya tsakiyar magana, ya ƙura wa bango ido, ya yi wata dariya wadda ba ta da dalili, dariyar da kan sa tsikar jikinta ta tashi. Sannan ya juyo ya ce, "Inna, wa ke daka a cikin kaina?"

Ta ga komai. Ta ga ludayi yana suɓucewa daga hannunsa na dama in yana shan koko. Ta ga fatar idonsa na hagu ta fara sauka, baƙin idon ya fi ɗan'uwansa faɗi. Ta ga yaron da ko rigarsa ba ya cirewa a gaban mata ya tsaya tsakiyar gida yana fitsari, ko a jikinsa. Ta san ba shawara ba ce. Kowace safiya takan ce yau za ta faɗa, to amma ta ce me? Ta ce ta ga baƙin idonsa? Daga ina ta gani, ita da ba ta kallonsa? Wanda ya san zafin kan yaro, ai taɓa shi ya yi. Wannan shi ne dalilin da take ba kanta. Akwai wani a ƙarƙashinsa, wanda ba ta son dubawa, amma yana nan. Tana tsoron in aka yi masa magani ya warke, zai tsallaka tsakar gida ya koma, ya ci gaba da ce mata Yaya yana kallon ƙasa. Wanda bai taɓa zama yana kallon ɗansa daga nesa ba, shi ne zai yi saurin zaginta. Ta ce gobe, goben ta zo ta sake cewa gobe.

Ranar wata Juma'a da la'asar asirin ya tonu. Matan unguwa sun taru a gidan suna taya Iya tsinkar gyaɗa, an baje harawa a tsakar gida, ana hira ana shewa. Sammani ya fito daga ɗaki yana jan ƙafar dama. Ya ratsa ta tsakiyar matan, ya taka ƙwaryar wata bai ko waiwaya ba.

"Kai maigida, ina za ka?" in ji Iya. "Zo ka kwanta."

"Rabu da ni, tsohuwar banza," ya ce. "Wurin uwata za ni."

Aka ɗauki salati. Ya iso gaban Hure, ya zube, ya ɗora kai a cinyarta, ya kama hannunta ya aza a goshinsa kamar yadda suka saba. Idanu suka yi mata caa. Abin da ya biyo baya ba shawara ta yi da zuciyarta ba, jikinta ne ya yi abin da aka koya masa tun tana amarya. Ta fizge hannunta, ta ture shi, ta miƙe tsaye.

Kansa ya bugi ƙasa. Ya ɗago ya dube ta, ba kuka, ba fushi, mamaki kawai. Sannan idanun suka juye, hannun dama ya fara karkarwa, jijjiga ta kama jikin gaba ɗaya, kumfa na fita ta gefen baki. Mata suka watse suna a kawo ruwa, a kawo muciya a sa masa a baki. Hure tana tsaye jikin bango, ba ta taɓa shi ba.

Kafin magariba unguwa ta gama yanke hukunci. Iska ce. Ɗan da Iya Tani ta raina ba zai zage ta ba, ba zai hau cinyar uwarsa a bainar jama'a ba. An ga yara suna wasa gindin tsamiyar bakin rafi da tsakar rana, a can ya kwaso. Liman ya yi rubutu aka ɗura masa, aka yi tofi, aka turara ɗakin Iya da hayaƙi har ido ba ya buɗuwa. Matan suka yaba wa Hure, suka ce ko a wannan hali ba ta zubar da kunyarta ba.

Aka tsare shi a ɗakin Iya. Da rana, in hayaniyar gida ta lafa, Hure takan jiyo muryarsa ta ratso tsakar gida, a shaƙe, kalmomin suna harɗewa.

"Inna. Inna."

"Ga ni, ɗan nan," in ji Iya.

"Ba ke ba."

Tsakar gidan nan ba wani faɗi gare ta ba, kaza ma da gudu ɗaya take tsallake ta. Hure ta tsaya a bakin ƙofarta da tsintsiya a hannu tana jin kiran, har ya fara raguwa. Ranar da ta wuni ba ta ji shi ba, ranar ce tsoro ya fi ƙarfin kunya.

Ta sami Dabo a zaure da safe yana ɗaure bakin buhu. Ba ta saba shiga zaure ba, ya ɗago da mamaki. Ta durƙusa.

"Malam, a kai shi asibiti."

"Wa?"

"Sammani," ta ce. Sunan ya fito mata a karkace, kamar ba da harshenta aka yi shi ba. "A kai Sammani asibiti. Ba iska ba ce. Tun kafin ya faɗi hannunsa ya mutu, idonsa ya sauka. Ni na gani."

Dabo ya saki igiyar. Ya daɗe yana kallonta, ta ga tambayar a fuskarsa, amma bai yi ta ba. Ya fita ya kwance jaki.

Iya ta hau jakin ta rungume yaron a gabanta, Dabo yana ja. Hure ta goya Asiya ta bi su a baya, ba wanda ya ce ta zo, ba wanda ya ce ta koma. Suka bi ta tsakanin gonaki, mutane suna ɗagowa daga cira suna yi musu sannu, har rana ta take kafin suka isa garin hakimi.

Ɗakin maganin gini ne na kwano mai ƙofa biyu, yana warin maganin wanke rauni. Malamin asibitin, Malam Abdussalam, dogon mutum ne sanye da kayan kaki, a Boma ya fara koyon aikin, a bayan likitocin soja. Ya sa aka kwantar da yaron a kan benci. Ya lanƙwasa wuyansa, ya ɗaga hannun dama ya sake shi ya faɗi, ya buɗe idanun ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya danne harshen da cokali ya leƙa bakin, ya ja baya yana yamutsa fuska.

"An cire masa haƙori?"

"An cire," in ji Dabo. "Ai wannan ya warke tuntuni."

"Bai warke ba. Tun yaushe halinsa ya canja?"

Iya ta ce ranar Juma'ar nan ne, farat ɗaya. Dabo ya gyaɗa kai. Malamin ya ce a'a, irin wannan ba ya zuwa farat ɗaya, lallai akwai wanda ya ga wani abu kafin nan. Daga bakin ƙofa Hure ta fara magana, fuskarta a ƙasa. Ta faɗi aman safe, da ludayin, da dariyar, da dakan da yake ji a kai. Ta faɗi yadda yake zuwa ya kwanta a jikinta in ba kowa, tun ana tsakiyar cira. Iya ta juyo ta dube ta.

Malam Abdussalam bai yi mata faɗa ba, da ma ya yi, da ta fi jin sauƙi. Ya ce saiwar da ta rage ce ta ci gaba da ruɓa. Da aka huda waje kumburin ya sace, amma dattin ya riga ya sami hanya ta ciki, ya bi jini ya haura sama. Yanzu maruru ne a cikin ƙoƙon kai, yana tara mugunya, ba shi da inda zai fashe, sai danne ƙwaƙwalwa yake yi. Ya ce ya taɓa gani a asibitin Birnin Kano, a kan wata yarinya, likita ya huda ƙashin ya zuƙe, abin da ya fito ya kai ƙwan zabo.

"Haƙori?" in ji Dabo. "Haƙori ne zai hau kai?"

"Tsakaninsu ba nisa, Malam. Taɓa naka ka ji."

Ya dafa sirinji ya yi wa yaron allura a cinya, yaron ko motsi bai yi ba. Ya ce allurar nan sabuwa ce, tana da ƙarfi, da an zo tun kunci na kumbure da ita kaɗai ta isa. Yanzu sai Birni, yau ɗin nan, su je bakin titin Katsina su tari motar gyaɗa. Dabo ya ce a huda kan ɗansa yana da rai? Malamin ya ce shi dai abin da ya sani ke nan, sauran na Allah ne.

Suna ɗaukar yaron za su fita, Hure ta tsaya. Ba ta taɓa yi wa baƙon namiji magana ba sai yau, ga shi za ta yi ta biyu.

"Malam, maganganun da yake yi. Nasa ne, ko na ciwon ne?"

Ya dube ta, ya dubi tsohuwar da ke share hawaye a waje. "Ciwon nan yakan cire wa mutum kunya," ya ce. "Wani ya yi zagi, wani ya yi tsiraici. Ko yana sa masa abin da babu, ko buɗe abin da ke ciki yake yi, wallahi ban sani ba."

Suka zauna gindin wata ɗorawa a bakin titi. Iya ta miƙe ƙafa aka ɗora mata yaron, kamar yadda aka saba, ba wanda ya yi tunanin wani abu daban. Akwai fatake a inuwar suna hutawa da jakunansu. Hure ta zauna ɗan nesa tana ba Asiya nono, idonta a kan ƙirjinsa. Numfashin yakan yi sama-sama, ya tsaya, ya dawo da ƙarfi. Sau da yawa ta yi niyyar ta matsa ta ce Iya ki huta, ƙafarki ta gaji. Ta gyara zama, ta dubi fataken, ta fasa. Mota ɗaya ta wuce ba ta tsaya ba. Inuwar ɗorawar ta juya gabas. Numfashin ya tsaya, Hure ta jira ya dawo, ta jira, sai ta ji Iya ta ce innalillahi.

Ba a jima ba wata motar ta zo ta tsaya, buhuna har sama. Yaron motar ya leƙo yana cewa Kano, Kano. Dabo ya ɗaga masa hannu alamar su wuce.

An binne shi washegari da safe. Masu gaisuwa suka cika gida, layi suke yi a ƙofar Iya Tani. Ita ta yi rashi, ita ake ba haƙuri, ita aka bari ta yi kuka har muryarta ta dushe. Hure tana gindin murhu tana tuƙa tuwon baƙi. Wadda ta biyo ta kanta takan ce "ya haƙuri" a taƙaice ta wuce, don kar ta ba ta kunya. Ba ta yi kuka ba. Aka ce kai, Hure akwai zurfin ciki.

Bayan an share makoki gida ya koma shiru. Wata rana da hantsi tana zaune a ƙofar ɗakinta, ba ta aikin komai, sai ga Iya ta tsallako tsakar gida tana dogara sanda. Ta rame, ta tsufa a 'yan kwanakin nan. Ta zauna a dokin ƙofa tana haki.

"Hure, magana na zo mu yi. Abin yana hana ni sukuni."

"To, Iya."

"Ki yafe wa yaron nan." Ta jingine sandar a bango. "Abin da ya yi miki, a ɓoye da a gaban mutane, ba shi ba ne. Kin ji abin da malamin asibiti ya ce. Ni na raine shi, na san shi ciki da waje. Ko sunanki aka ambata sai ya sunkuyar da kai. Da hankalinsa ba zai taɓa matsowa kusa da ke ba, wallahi ba zai yi ba. Kar ki riƙe shi da wannan yana kwance a kabari. Ki ce kin yafe."

Da zuciya ɗaya ta faɗa, don ta wanke jikanta, don kuma ta sanyaya wa surukarta rai. Hure ta dubi fuskar tsohuwar. Abu ɗaya take da shi na yaron nan, 'yan safiyoyin nan, ga shi an zo har ƙofar ɗaki ana roƙonta ta yarda ba shi ne ya ba ta su ba.

"Ki ce mana, 'yar nan."

"Na yafe," in ji Hure.

Iya ta yi ajiyar zuciya, ta sa mata albarka, ta dafa bango ta miƙe ta koma ɗakinta.

Hure ta zauna yadda take, ƙafafu a miƙe. Kaji suna tono a gindin danga, wata tana daka a gidan maƙwabta. Can sai ta ji cinyarta ta hagu ta fara ɗumi, wani nauyi yana sauka a kanta a hankali, daidai wurin. Ba ta duba ba. Ƙafar ta fara sagewa. Asiya ta farka a cikin ɗaki ta fara kuka, Iya ta ɗaga murya daga can ta ce ba ki ji yarinya ba? Hure ta ce ta ji. Ba ta san wanda ke kwance a jikinta ba, ɗanta ne ko wancan ɗayan, na ciwon, da ta yafe wa. Ko wane ne, ba ta motsa ƙafar ba.